Gansakukar Ruwan Gumi: Nazarin Wani Gwaji a Kebbi da Aka Ɗora wa Fatan Maganin Ciwon Daji

Asalin matsalar

A wani gari na bakin fadama a jihar Kebbi akwai matsakaicin injin gumi da casar shinkafa, mallakar wani Alhaji. Ba irin manyan masana'antun da tireloli ke layi a ƙofarsu ba ne. Tankunan jiƙo huɗu ne, da tukunyar tururi ɗaya da ake hura wa wuta da buntu, sai filin shanya mai daɓen siminti. Ya kafa shi ne a shekarun da noman shinkafa ya bunƙasa a jihar, bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015. Shanshera ta wadata, masu gumi suka ƙaru, ruwan da gumi ke zubarwa shi ma ya ƙaru.

Sai wanda ya zauna kusa da wurin gumi ya san wannan ruwa. Ana jiƙa shanshera a ruwan ɗumi na sa'o'i, a tsiyaye, a turara, a shanya, sannan a casa. Kowane kilo na shanshera yakan bar kusan lita ɗaya ta ruwan jiƙo. Yakan fito jaja-jaja kamar shayin da ya daɗe a buta, ɗauke da sitaci da sukari da sinadaran naitirojin da fosfaras da suka narke daga ƙwayar. In ya kwana sai ya yi tsami. In ya kwana biyu wari ya cika unguwa, domin ƙwayoyin bakteriya sun shanye iskar oksijin da ke cikinsa, sun koma ruɓar da shi ba iska.

A wannan injin ruwan yana bin wata 'yar kwata ya faɗa kududdufin da aka taɓa haƙar ƙasar gini. Mata suka ce shanyarsu na ɗaukar wari, sauro ya hana barci, masu rijiya a kusa suka fara tsoron ruwan shansu. Mai unguwa ya tako da kansa har sau biyu. A zuwa na biyu ya ce, “Alhaji, ba mu ƙi arzikinka ba, yaranmu ma nan suke samun na abinci. Amma wanga ruwa ya kai mu bango.” Duba-gari suka biyo baya da takardar gargaɗi.

Wadda wannan nazari ya bi sawunta 'yar ƙanwar Alhajin ce, malamar ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata, tana kuma karatun digiri na biyu. A daidai lokacin ne aka yanki tsoka daga kumburin da ke nonon Innarta, ƙanwar mahaifiyarta, aka auna, aka tabbatar ciwon daji ne. Ruwan Kawu da ciwon Inna suka haɗu a zuciyarta lokaci guda, kuma sai an riƙe wannan kafin a fahimci matakan da ta ɗauka daga baya.

Abin da ta sani kafin ta fara

Gansakukar da ake magana a nan ba mai zare-zaren nan ba ce da ke liƙe wa randa ko gindin famfo. Ƙarama ce ƙwarai, sau da yawa ƙwayar halitta ɗaya tak, ba a ganin ta sai da madubin hangen ƙananan halittu. In ta yi yawa ne ruwa ke komawa kore shar.

Tace ƙazamin ruwa da ita tsohon ilimi ne. Tun shekarun 1950 William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna yadda abin ke tafiya a tafki marar zurfi: gansakuka na samun rana ta fitar da oksijin, bakteriya su yi amfani da oksijin ɗin su farfasa dattin, abin da suka saki na naitirojin da fosfaras da iskar kabon kuma gansakukar ta cinye. Kowa na ciyar da ɗan'uwansa, ruwa na washewa.

Cin ta ma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. A ƙasar Kanem ta Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata irinta mai suna Sifirulina daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su gutsuttsura su kai kasuwa da sunan dihe, a yi miya da ita. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwannin Chadi a tsakiyar shekarun 1960, daga nan aka farga cewa kusan kashi 60 cikin 100 na busasshiyarta furotin ne.

Batun ciwon daji shi ma yana da tushe. Sifirulina na da wani shuɗin launi da ake kira faikosayanin, wasu irin kuma na da launuka irin su fukozantin da astazantin da lutin. A ɗakunan gwaji da yawa an ga waɗannan suna sa ƙwayoyin daji da aka raina a faranti su daina rabuwa ko su kashe kansu. Akwai kuma misalin da ya kai har gadon asibiti. A 1987 George Pettit da abokan aikinsa suka ciro wani sinadari mai suna Dolastatin 10 daga wata dabbar teku mai kama da dodon-koɗi, daga baya aka gano ainihin mai ƙera shi gansakuka ce shuɗiya-kore da dabbar ke ci. Shi kansa sinadarin bai yi nasara ba da aka gwada shi a kan marasa lafiya. Sai da masana suka haɗa ɗan'uwansa a ɗakin gwaji, suka ɗaure shi a jikin wani sinadarin garkuwa mai kai shi ga ƙwayar daji, sannan hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011 da sunan Adcetris, don wasu nau'o'in dajin limfoma. Shekara 24 ke nan tsakani.

Malamar ta san duk wannan. Shirinta shi ne ta raini gansakuka a ruwan gumi, ruwan ya tsarkaka, ta kwashe abin da ya tofu ta ciro sinadarinsa ta gwada a kan ƙwayoyin dajin nono. Kawunta ya ba da fili da siminti da yaro ɗaya daga cikin ma'aikatansa. Malamin da ke duba aikinta ya amince da ɓangaren ruwa nan take, ya kuma gaya mata cewa ɓangaren daji zai ci kuɗin da ba ta da su.

Nuwamba zuwa Janairu: gwajin farko da Sifirulina

Ta fara da Sifirulina saboda ita ce mai suna. Ta samo iri a gorar lita ɗaya da rabi, ta jera bahon roba shida masu cin lita 50, ta zuba ruwan gumi yadda ya fito daga tanki, ta sa irin. Cikin kwana huɗu koren ya koma ruwan ɗorawa, ya kwanta a ƙasa, ya mutu. Ta sake, hakan ya sake faruwa.

Takardar awon tsami ta nuna mata dalili. Ruwan gumin da ya kwana yana wajen 5 a ma'aunin tsami na pH, wato mai tsami ne, Sifirulina kuwa 'yar tafkin kanwa ce, tana son 9 zuwa 11. Sai ta sayo farar kanwa a kasuwa ta narka a ciki. Irin ya rayu, amma kanwar ta sa ruwan ya ƙara duhu, haske ya kasa ratsa ko da tsawon yatsa. Ga hunturu ya shigo. Sifirulina ta fi son ɗumin wajen digiri 35, safiyar Disamba da Janairu kuwa ruwan bahon sanyi ƙalau yake, hazo ya rufe rana, ƙura na sauka a kai.

Ko da ta rayu, lissafi ya kashe shirin. Kanwar da za ta ishi ruwan da injin ke zubarwa kullum ta fi ƙarfin aljihun Alhaji, kuma ruwan da ya sha kanwa ba abin kai wa fadama ba ne, gishirinsa zai ɓata ƙasa. A ƙarshen Janairu ta ajiye Sifirulina.

Fabrairu zuwa Afrilu: komawa ga gansakukar gida

Yaron da ke taya ta aiki ne ya buɗe hanya. Wata safiya ya ce, “Malama, ga irin abin da kike wahalar nema can bakin rami, ba wanda ya shuka shi.” Ya kai ta gefen kududdufin inda rarar ruwan burtsatse ke haɗuwa da ruwan gumi. Wurin kore ne shar, kuma ba ya wari. Ta ɗebo ta duba a madubin makarantarsu, ta ga iri biyu sun fi yawa: Kulorela, mai kama da ƙananan ƙwallaye, da Sinedesmus, mai jeruwa huɗu-huɗu kamar buhuna a sito. Waɗannan sun riga sun saba da ruwan wurin da zafin garin.

Ta canza abubuwa uku. Ruwan gumin ta daina zuba shi kai tsaye, sai ya kwana biyu a wani tanki ya kwanta, ya bi ta yashi da gawayin buntu. Sannan ta sirka shi da ruwan burtsatse, kashi ɗaya cikin huɗu da farko, a hankali ta kai rabi da rabi. Maimakon baho kuma aka gina mata doguwar kwatarniyar siminti mai tsawon mita 6, faɗin mita 1.5, zurfin ruwa santimita 20, da katanga a tsakiya don ruwan ya riƙa kewayawa. Wani makaniki ya haɗa mata filafili da ƙafar keke da ƙaramar mota mai aiki da sola. Rashin zurfin shi ne sirrin: kowace ƙwaya na samun rabonta na rana.

Kwana biyar wari ya ɗauke. Mako guda ruwan ya yi kore har ba a ganin ƙasan kwatarniyar. Awon da ta yi a sashensu na jami'a ya nuna amoniya da fosfat, wato sinadaran naitirojin da fosfaras ɗin nan, sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da ruwan da ya shiga.

A ƙarshen Maris kwatarniyar ta mutu cikin dare biyu. Ruwan ya washe ya koma ƙasa-ƙasa. Madubi ya nuna wasu ƙananan dabbobin ruwa da ake kira rotifa, masu kiwon gansakuka, sun hayayyafa sun cinye komai. Da ba ta ajiye iri a kwalabe a ɗaki ba da aikin ya koma farko. Daga nan ta riƙa tace ruwan ta ƙyalle mai ƙananan ido duk mako, tana kuma duba ɗigo ɗaya a madubi kowace safiya kafin ta tafi aji. Afrilu ya zo da nasa: zafi ya wuce digiri 40, ruwa na ƙafewa, sai an yi rumfar zana da tsakar rana ana kuma ƙara ruwa da yamma.

Kwasar amfanin ma ta ba da wahala, domin Kulorela ta fi ƙarfin kowane rariya. Ta fara da alif, ya tattara ta da kyau amma ya bar sinadarin alminiyam a ciki. Sai ta koma garin ƙwayar zogale, wanda ke dunƙule ƙananan abubuwan da ke yawo a ruwa su nutse. Shanyar rana ta koɗar da launin, don haka ta koma shanya a inuwa a kan faranti.

Mayu zuwa Yuli: ruwa na biyu

Ta karanta cewa gansakuka in ta shiga matsi, na gishiri ko na tsananin haske ko na ƙarafa, takan ƙara ƙera launuka da sinadaran kare kai. Wannan gaskiya ne. Wani abokin karatunta ɗan kudancin jihar, ɓangaren Yawuri inda ake haƙar zinare, ya kawo mata jarka biyu na ruwan da aka wanke niƙaƙƙen dutse da shi. Da yake ruwan ba shi da abinci, ta haɗa shi da ruwan gumi a bahon da ta ware daban. Gansakukar ta tofu a hankali, launinta ya ɗan juya.

Ta busar da kowanne, ta jiƙa garin a haɗin ruwa da itanol, ta tace, ta samu tsimi biyu: na ruwan gumi zalla da na haɗin ruwan zinare. Ta sa su a kula da ƙanƙara ta ba direba a tasha zuwa wani ɗakin gwaji a kudancin ƙasar nan. Can aka gwada su a kan ƙwayoyin MCF-7, wato ƙwayoyin dajin nono da aka samo daga wata mata a Amurka a 1970 ake kuma raino har yau. Hanyar gwajin ita ce a zuba tsimin a kan ƙwayoyin a ƙananan ramukan faranti, bayan kwana biyu ko uku a sa wani sinadari mai ruwan ɗorawa wanda rayayyun ƙwayoyi ke mayarwa shunayya. Inda shunayya ta ragu, ƙwayoyi sun mutu.

Kuɗinta ya tsaya ne a nan. Gwaji a kan lafiyayyun ƙwayoyi da awon ƙarafa a cikin garin duk ta ɗaga su zuwa gaba.

Sakamako ya iso a watan Yuli. Tsimin ruwan gumi ya ɗan taɓa ƙwayoyin dajin, shi ma sai an zuba da yawa. Tsimin ruwan zinare kuwa ya kashe su sosai da ɗan kaɗan. Ta karanta takardar sau uku, ta yi hawaye, ta kai wa Kawunta.

Agusta: labari ya fita gari

Alhaji bai yi nufin komai ba sai murna. Ya faɗa a majalisa bayan la'asar, kafin Juma'a ta zagayo gari ya ɗauka cewa ɗiyar Alhaji ta gano maganin daji. Mutane suka fara zuwa injin da robobi. Wani magidanci ya taso daga ƙauye a kan babur, ya ce matarsa ta shekara da gyambo a nono, ko cokali ɗaya a taimaka masa. Wani mai sayar da maganin gargajiya ya nemi a riƙa auna masa garin da mudu.

Mafi nauyi ya fito daga cikin gida. Inna ta riga ta karɓi allurar kemo sau biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Gashinta ya zube, amai ya hana ta cin abinci, ga kuɗin mota da na magani. Ta kira Malamar ɗaki ta ce, “Ɗiyata, tunda Allah ya sa magani hannunki, mi za ni yi Sakkwato? Ba ni naki in sha, in huta.” Malamar ta durƙusa ta ce, “Inna, ki yi mini haƙuri. Abin da na gani a faranti na gan shi, ban gan shi a jikin mutum ba. In na ba ki ban san abin da na ba ki ba.” Inna ta yi fushi, ta ce an fi son takarda da ita. Ranar komawarta asibiti ta wuce da mako uku.

Wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ba zai ga laifin Inna ba. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna sababbin masu ciwon 127,763 a Najeriya, da mutuwar 79,542 a shekarar, kuma dajin nono ne kan gaba. Da yawa ba sa isa asibiti sai ciwo ya yi nisa. Mai irin wannan hali duk igiyar da aka miƙo masa kamawa zai yi. Sai dai an auna abin da barin asibiti ke jawowa: wani bincike daga Jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya gano cewa masu dajin da suka zaɓi wasu magunguna kaɗai suka bar na asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a dajin nono kuma fiye da sau biyar.

Malamar ta kwashe garin gaba ɗaya ta kulle a kabad ɗin makaranta. Magidancin nan ta rubuta masa sunan asibitin da zai kai matarsa, ta haɗa masa da kuɗin mai.

Satumba zuwa Oktoba: gwaje-gwajen da aka ɗaga

Da ta kai takardar sakamakon wa malaminta, tambaya biyu ya yi: “Malama, kin auna ƙarfe a garin nan? Kin ga abin da yake yi wa lafiyayyar ƙwaya?” Ta ɗauki adashinta na wannan zagaye ta biya duka biyun.

Na'urar awon ƙarafa ta samu dalma da kadmiyam a garin da ya fito daga ruwan zinare, kuma yawansu a garin ya zarce na cikin ruwan nesa ba kusa ba. Haka gansakuka take. Bangon ƙwayarta na kama ƙarafa kamar yadda mayen ƙarfe ke kama allura, wani kuma ta shigar da shi ciki ta adana. Wannan hali ne ya sa masana ke son ta wajen tsarkake ruwan masana'antu. Ƙarfen bai ɓace ba, wuri ya sake, daga ruwa mai yawa ya taru a ɗan gari kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 a kowace lita. Kadmiyam kuwa yana rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji a jikin mutum, sinadaran dalma suna rukunin da ke biye.

Gwaji na biyu aka yi shi a kan ƙwayoyin Vero, lafiyayyun ƙwayoyin ƙodar biri da ake amfani da su don kwatanci. Tsimin ruwan zinare ya kashe su kamar yadda ya kashe na daji, bai bambance ba. Da aka wanke garin da ruwa mai ɗan tsami don ƙarafan su saki, aka sake tsimawa, yawancin ƙarfin kisan ya tafi.

Ba wanda ya taso a wannan yanki da zai ji kalmar dalma bai tuna Zamfara ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Dutsen zinare mai dalma ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu. Malamar ta ce daren da sakamakon ya zo ba ta runtsa ba, tana tuna robobin da aka yi ta miƙo mata.

Damina ta nuna mata haɗari na uku. Wani kore mai kama da fenti ya taso a saman tsohon kududdufin, madubi ya nuna Maikurosistis ce, gansakuka mai fitar da gubar hanta da ake kira maikurosistin. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, wannan guba ta shiga ruwan wata cibiyar wankin ƙoda, fiye da mutum 50 suka mutu. A ido, ba mai iya raba wannan kore da na kwatarniya, kuma buɗaɗɗen tafki ba ya hana ta shiga.

Garin ruwan zinaren da bahonsa aka rufe su a durom mai murfi aka miƙa wa sashen jami'a. Na ruwan gumi zalla ƙarafansa kaɗan ne, amma da yake shinkafa kanta na jan asenik da kadmiyam daga ƙasa, malamin ya ce awo ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.

Ita da Kawu suka je suka zauna gaban Inna da takardun. Alhaji ne ya yi magana: “Ni na jawo wanga magana da bakina. Ki tashi mu koma Sakkwato.” Ta koma.

Shekara ta biyu: abin da ya tsaya da ƙafarsa

Alhaji ya ƙara kwatarniya biyu. Ruwan da ke fita daga cikinsu ba ya wari, da shi ake ban-ruwan itatuwan da aka dasa a bayan injin. Gansakukar da ake kwashewa ana haɗa ta da tokar buntu a yi taki. Ba a ba kifi, ba a ba kaji, ba a ba mutum. Mai unguwa bai sake zuwa da ƙorafi ba sai bayan kaka, lokacin da shanshera ke shigowa da yawa, injin na aiki dare da rana, kwatarniyoyin uku ba sa ɗaukar fiye da rabin ruwan. Wannan ɓangare har yanzu yana nan.

Malamar ta sauya taken kundinta. Ya koma kan tace ruwan gumi da gansakukar gida, da babi guda a kan yadda ƙarafa ke iya sa tsimi ya yi kama da magani a faranti. Inna ta kammala kemo, aka yi mata tiyata, aka gasa wurin ciwon da na'ura. Gashin kanta ya sake tofowa, tana zuwa ganin likita a ranakun da aka sa mata.

Yadda nake kallon lamarin

Abin da ya yi aiki ya yi ne don an bi halin wurin. Irin da ya tsiro da kansa a bakin rami ya fi wanda aka sayo, kwatarniya marar zurfi ta fi baho, zogale ya fi alif, duba madubi kullum ya fi jiran mutuwar tafki. Kowane mai injin gumi a Argungu ko Jega ko Suru da ke da fili da rana zai iya gwada wannan, kuma maƙwabtansa za su ji bambanci a hancinsu.

Kuskuren da ya kusa cin rai kuwa na jere ne. An yi gwajin da ke faranta rai kafin gwajin da ke kare rai. Da kuɗin Yuli awon ƙarafa da lafiyayyun ƙwayoyi aka fara biya da su, da labarin Agusta bai tashi ba, da Inna ba ta yi asarar mako uku ba. Kashe ƙwayar daji a faranti ba shi da wuya, ruwan omo ma zai kashe ta. Abin nema shi ne wanda zai kashe ta ya bar maƙwabciyarta lafiya, ya kuma isa gare ta bayan ya ratsa ciki da hanta da jini. Ko abin da ba guba ba ne yana iya juyawa a jikin mutum. Sinadarin beta-karotin, wanda ake samu a karas da wata gansakukar ruwan gishiri, an daɗe ana sa ran zai kare mutane daga daji, amma gwajin da aka yi a Finland da maza masu shan taba fiye da 29,000, wanda aka buga a 1994, ya nuna dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wajen masu shan sa.

Ban ga dalilin daina neman magani a jikin gansakuka ba, Adcetris shaida ne cewa akwai abin samu. Abin da nake ganin bai dace ba shi ne haɗa buri biyu a tafki ɗaya. Tafkin da aka ce ya kwashe datti to dattin ne zai tara, musamman ruwan ma'adinai ko na jima ko na rini. Ruwan gumi ya fi su sauƙi tunda daga abinci ya fito, amma shi ma abin da ya tofu a cikinsa sai an auna shi kowane zagaye, an ware sinadarin da ake nema shi kaɗai, an bi matakan gwaji a dabbobi da mutane ƙarƙashin idon hukuma irin NAFDAC, kafin a ambaci kalmar magani a gaban mai jinya.

Na fi girmama Malamar a kan ranar da ta durƙusa ta hana Innarta, tun ba ta da takardar da za ta kare kanta da ita, fiye da duk abin da ta gina da siminti. Yanzu tana rainon Sifirulina a kwalabe goma sha biyu a ɗaki, cikin ruwan burtsatse mai tsabta da kanwar da aka auna, don ciro faikosayanin. A takardar neman tallafin da ta rubuta, layin farko na kasafin kuɗi awon ƙarafa ne, na biyu lafiyayyun ƙwayoyi, ƙwayoyin daji suna na uku.